Agwagin Auta da Tafkin da Aka Rufe

A bayan makarantar su Auta akwai wani tafki. Ba babba ba ne. Idan ka tsaya a wannan gaɓa ka yi kira, na waccan gaɓar zai ji ka. Amma kowa a unguwar yana son sa. Yara suna iyo a cikinsa. Tsofaffi suna shan iska a gefensa. Su kuwa agwagin Auta, gani suke yi don su aka haƙa shi.

Agwagin huɗu ne. Akwai Fara, da Baƙa, da Mai Ɗingishi. Sai kuma toronsu, wanda Auta ta sa wa suna Acici, domin bai taɓa ganin abu ya wuce bai sa masa baki ba.

Auta ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa ke kiranta haka. Tana aji biyar. Yarinya ce mai kirki, mai son dabbobi. Aibinta ɗaya ne, ba ta iya jira ba. Ko shayi aka ba ta, sai ta ƙona harshe.

Wata rana aka wayi gari an ga matattun kifaye a saman tafkin. Bayan kwana biyu sai ga ma'aikata sun zo da mota. Suka kewaye tafkin da shingen waya. Suka sa ƙofa da kwaɗo, suka ajiye mai gadi.

Shugabar ma'aikatan wata doguwar mata ce. Tana sa takalman roba har gwiwa, da hular kwano ruwan ɗorawa. Ranar Litinin Malam ya shigo da ita ajin su Auta.

Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Anti, ke likita ce?"

Ta yi dariya ta ce, "Eh, amma ba ta mutane ba. Tafkinku ne ba shi da lafiya, shi na zo dubawa."

Tun daga ranar yara suka sa mata suna Likitar Ruwa.

Ta ce, "Kun tuna tsohon shagon nan da ake fasa batura? Ya daɗe da tashi. Amma shekara da shekaru ana zuba tarkacensa a tafki. A cikin batur akwai dalma. Dalma guba ce. Ba ta da wari, ido kuma ba ya ganinta a ruwa. Idan ta shiga jikin yaro, tana hana shi girma da kyau, tana hana shi gane karatu."

Yara suka dubi juna.

Ta ɗaga wani koren littafi ta ce, "Kada ku tsorata. Ga shirinmu nan, komai a rubuce yake. Za mu kwashe tarkacen. Amma akwai gubar da ta riga ta kwanta a cikin laka, a ƙasan ruwa. Wannan ba ta kwasuwa duka. Sai dai mu lulluɓe ta da yashi mai tsabta, kamar yadda ake lulluɓe yaro da bargo."

Malam ya ce, "Daga nan sai a buɗe?"

Ta ce, "A'a, Malam. Sabon yashi laushi gare shi. Dole a bar shi ya kwanta, kada kowa ya taɓa. Duk bayan mako biyu za mu ɗebi ruwa mu gwada. Sai gwaji ya yi kyau sau uku a jere. Sannan mu zuba tsakuwa a kan yashin, mu buɗe muku ƙofa. Kafin nan, ba mutum, ba dabba. Ba a kuma cin duk abin da ya shiga ruwan."

Wata yarinya ta ce, "Anti, in yashin bai riƙe ba fa?"

Likitar Ruwa ta ce, "Shi ma a rubuce yake. Idan wani abu ne ya tone yashin, sai mu gyara wurin. Idan kuwa gubar ce ke ɓullowa da kanta ta cikin yashi, to babu dabara. Sai mu cike tafkin da ƙasa."

Duk ajin ya ce, "Kai!"

Auta ta ɗaga hannu. "Anti, har da agwagi?"

"Har da agwagi, 'yata."

Ma'aikata suka yi ta aiki. Suka kwashe tarkace buhu-buhu, da safar roba a hannayensu. Motoci suka yi ta kawo yashi. Aka kafa sanduna huɗu a cikin ruwa, kowace da lambarta, domin a san inda za a riƙa ɗiban ruwan gwaji. A jikin ƙofa kuma aka rataya allo mai gida uku. Duk gwajin da ya yi kyau, sai a shafa wa gida ɗaya koren fenti.

A gida kuwa, Auta ta shiga uku. Umma ta ba ta tsohon bahon wanki, ta ce nan ne sabon tafkin agwagi. Kullum sai Auta ta ɗebo ruwa bokiti huɗu ta cika shi. Kafin ta ajiye bokiti, Acici ya faɗa ciki ya fantsamar da rabi.

Yayanta yakan tsaya yana dariya. "Sannu, uwar agwagi. Yau ma ke ce famfo?"

"Yaya, ka taya ni mana."

"Ni? Ai ba ni suke yi wa kuka ba."

Gaskiya ne, ita suke yi wa. Duk safiya agwagin sukan jeru a bakin ƙofar gida, su miƙa wuya wajen tafki, su yi ta kwak-kwak. Auta takan ji tausayinsu har cikin ranta.

Gida na farko ya yi kore. Bayan mako biyu, na biyu ma ya yi kore. Yara suka yi ta tsalle a bakin shinge. Saura gida ɗaya kacal.

Ranar wata Asabar da hantsi, Auta ta je ta leƙa ta cikin waya. Ruwan ya kwanta garau. Har tana hango farin yashi a ƙasa. Tunda take ba ta taɓa ganin tafkin da kyau haka ba.

Ta ce a ranta, "Wannan ruwan ai ya warke. Kuma agwagwa a sama take iyo. Me ya haɗa ta da yashin ƙasa? Minti biyar kawai, su jiƙa fiffike mu dawo."

Ta san wani wuri a bayan tafkin, kusa da sanda mai lamba huɗu. Ruwan sama ya zaizaye ƙasa a ƙarƙashin wayar, ya bar ɗan rami. Baba mai gadi yana can bakin ƙofa, ya kara rediyo a kunne yana jin wasan ƙwallo.

Auta ta koro agwaginta ta bayan gidaje. Ta tura su ta ramin ɗaya bayan ɗaya. Ita ma ta kwanta ta ja ciki ta shige.

Wayyo daɗi! Agwagi suka faɗa ruwa da gudu. Suka yi ta fiffika. Auta tana tsaye tana dariya, bakinta har kunne.

Dariyar ba ta daɗe ba. Acici ya tsunduma kansa a ruwa, jelarsa ta yi sama. Ya shiga tonon yashi da baki yana neman abinci. Sauran ukun suka bi shi. Nan da nan jela huɗu suka yi sama.

"Kai! Acici! Ku bari! Ku fito!"

Ko kallonta ba su yi ba. Wata nawa suna jiran wannan rana?

Auta ta tsinci wata doguwar sanda. Ta tuɓe takalmi ta shiga ruwa tana korarsu. Ta bi nan, su bi can. Ƙafarta ta nutse a yashi har ƙauri. Ta dogara sandar a ƙasa don ta zare ƙafar, sandar ma ta nutse. Da ta fizgo ta, sai wata baƙar laka ta biyo, ta bazu a cikin ruwa.



Da ƙyar ta fito da agwagin. Ta tura su waje ta ramin. Sai ta waiga, ta ga sawunta da na agwagi ko'ina a bakin ruwa. A nan ne Auta ta yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Ta karyo reshen itace mai ganye, ta share sawun tsaf. Ta miƙa reshen cikin ruwa ta baje yashin har ya yi sumul. Kafin ta gama, baƙar lakar ta kwanta. Wurin ya koma kamar ba wanda ya taɓa zuwa.

Ta koma gida ta wanke ƙafafunta da sabulu sau uku. Ba ta ce wa kowa uffan ba.

Washegari Fara ta yi ƙwai. Auta ta ɗauka za ta kai wa Umma, sai ta tsaya cak. Ta tuna an ce ba a cin abin da ya shiga ruwan. Ta rasa yadda za ta yi. Sai ta samo wani tsohon gwangwanin madara, ta sa ƙwan a ciki, ta ɓoye a bayan ɗakin girki. Haka ta riƙa yi kullum.

Umma ta ce, "Ikon Allah. Agwagin nan sun daina ƙwai ne?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Wataƙila zafi ne, Umma."

Ranar Talata ma'aikata suka ɗebi ruwan gwaji na uku. Bayan mako ɗaya Likitar Ruwa ta sake zuwa ajinsu. Yau ba ta dariya.

Ta ce, "Yara, ban zo da labari mai daɗi ba. Sanda ta ɗaya, ta biyu da ta uku sun yi kyau. Amma a sanda ta huɗu, dalma ta dawo."

Auta ta tuna, a nan ne ta shigar da agwaginta.

Malam ya ce, "Ko wani ne ya shiga?"

"Shi muka fara dubawa, Malam. Mun zaga bakin ruwa kaf. Ba sawun mutum, ba na dabba. Yashin sumul yake. Baba mai gadi ma ya ce ko ƙuda bai wuce ta ƙofa ba. Tunda ba abin da ya tone shi, ke nan gubar ce ke ɓullowa da kanta."

Wani yaro ya ce da ƙaramar murya, "Ke nan za a cike shi?"

"Haka shirin ya ce. Ina son tafkin nan kamar yadda kuke son sa. Amma na fi son lafiyarku. Jibi motocin ƙasa za su fara zuwa."

Wasu yaran suka fashe da kuka. Auta ta buɗe baki za ta yi magana. Ta dubi 'yan ajinsu, ta ga duk fuskokinsu a murtuke. Tsoro ya kama ta, ta rufe bakinta.

Da aka tashi, ta bi ta bakin tafki. Baba mai gadi yana zaune a kan benci. Rediyonsa a kashe.

Ta ce, "Sannu, Baba."

Ya ce, "Yauwa, jikata. Kin ji labari ko? A tafkin nan na koyi iyo, ina ɗan kamarki. A nan na koya wa 'ya'yana. Na so a ce na koya wa jikokina ma." Ya share ido da gefen rigarsa. "To, haka Allah ya so."

Auta ta juya. Ta tafi gida.

Da la'asar Yaya ya je bayan ɗakin girki neman igiya. Sai ga shi ya fito da gwangwani a hannu, yana ƙyalƙyala dariya.

"Umma! Umma, zo ki ga abin mamaki. Agwaginmu sun waye. Yanzu a gwangwani suke yin ƙwai, su kuma rufe da murfi!"

Umma ta leƙa. Ƙwai goma sha ɗaya cif.

Ta ce, "To, madalla. Kawo in dafa muku."

Auta ta yi tsalle ta riƙe hannunta. "Umma, kada ki dafa! Don Allah kada ki dafa!"

"Me ya sa?"

Auta ta fashe da kuka. Cikin kukan ta faɗi komai. Ta faɗi ramin shinge, da jelar Acici, da baƙar laka, da reshen da ta share sawu da shi.

Yaya ya daina dariya. Umma ta ajiye gwangwanin a hankali, ta zauna a kan tabarma. Ta jawo Auta ta duba ƙafafunta, ta duba idanunta.

"Kin sha ruwan?"

"A'a, Umma."

"Cikinki yana ciwo? Kanki fa?"

"A'a."

Umma ta yi ajiyar zuciya. "Auta, kin ba ni tsoro. Kin kuma ɓata mini rai. Kwana goma kina kallona, kina ce mini zafi ne?"

"Ki yi haƙuri, Umma. Tsoro nake ji."

"Na sani. Kin kyauta da kika ɓoye ƙwan ba mu ci ba. Amma gaskiyar da kika ɓoye tare da su fa? Ita ce za ta sa a binne tafkin mutane."

Auta ta share hawaye. "Umma, ke ki je ki faɗa musu."

"A'a. Ni ban shiga tafki ba. Zan raka ki, zan tsaya a bayanki. Amma da bakinki za ki faɗa."

Da safe suka nufi tafki. Tun daga nesa Auta ta hango wata ƙatuwar motar tura ƙasa a bakin ƙofa. An kawo ta tun da wuri, don ta kwana a shirye. Likitar Ruwa tana tsaye da koren littafinta, tana magana da Malam da Baba mai gadi.

Auta ta rage sauri. Ta tsaya.

Umma ta ɗan dafa kafaɗarta. "Mu je."

Suka gaisa. Auta ta durƙusa. Ta ce, "Anti, gubar ba da kanta ta fito ba. Ni ce. Ni da agwagina."



Baba mai gadi ya ce, "Agwagi? Ta ina? Ni fa ban matsa daga ƙofar nan ba!"

"Ta baya, Baba. Akwai rami a ƙarƙashin waya. Kana jin ƙwallo."

Baba ya sosa ƙeya.

Likitar Ruwa ta durƙusa har fuskarta ta zo daidai ta Auta. "Amma ba mu ga sawu ba, 'yata."

"Na share da reshe."

"Har cikin ruwa?"

"Har ciki."

Likitar Ruwa ta rufe ido na ɗan lokaci. Auta ta zaci faɗa za ta yi. Sai ta ji ta ce, "Za ki iya nuna mini daidai inda kika taka?"

"Zan iya."

"To, tashi. Maganarki kaɗai ba za ta tsayar da motar nan ba. Sai yashin da kansa ya ba da shaida."

Suka zaga ta bayan shinge. Auta ta tsaya a waje tana nunawa da yatsa. "Can, tsakanin sandar da wancan dutsen. A nan ƙafata ta nutse. Can kuma Acici ya yi tono."

Wani ma'aikaci ya sa dogayen takalma ya shiga a hankali. A hannunsa akwai bututu mai haske, wanda ake ganin abin da ke cikinsa. Ya soka shi a ƙasa nesa da inda Auta ta nuna, ya toshe samansa, ya zaro. Kowa ya matso. A ƙasan bututun akwai baƙar laka. A samanta farin yashi, tsawon kamu biyu. Kowane yana wurinsa.

Ya wanke bututun, ya soka a wani wurin. Haka nan. Ya soka a na uku. Haka nan.

Sai ya soka daidai inda Auta ta nuna. Auta ta matso jikin waya tana leƙe. Da ya zaro, sai ga yashi da laka a cakuɗe, fari da baƙi, tun daga ƙasa har sama. Ɗan farin da ke kai bai fi kaurin yatsa ba.

Likitar Ruwa ta ɗaga bututun sama ta daɗe tana kallo. Sai ta yi dariya.

"Malam, yashinmu lafiyarsa ƙalau! Tone shi aka yi. Wannan kuwa gyaruwa yake yi." Ta juya ta ɗaga murya. "Direba! Mayar da motarka. Yashi muke so, ba ƙasa ba!"

Baba mai gadi ya cire hularsa ya jefa sama. Ta faɗa a kan waya ta maƙale. Sai da Malam ya ciro masa.

Auta ta ce, "Anti, ke nan ba za a cike shi ba?"

"Ba za a cike shi ba. Amma ki saurare ni da kyau. Da kin faɗa tun ranar, da mun gyara wurin a yini ɗaya. Da kuma kin ƙara kwana ɗaya kina shiru, da gobe ana zuba ƙasa. Shirin nan da abin da muka sani yake aiki. In aka ɓoye mana gaskiya, sai ya kai mu inda bai kamata ba."

"Na tuba, Anti."

"Na ji. Mu ma muna da namu laifin. Mun zaga muna duban bakin ruwa, ba mu duba ƙarƙashin waya ba. Yau za a toshe ramin. Zan kuma rubuta a littafi, a riƙa duba shinge duk bayan ruwan sama."

Kada ku zaci Auta ta sha da sauƙi. A ranar Umma ta kai ta asibiti a gwada jininta. Auta kuwa ba abin da take tsoro kamar allura. Ta yi ihu tun kafin a buɗe akwatin allurar. Yaya ya ce har a gida sun ji.

Aka kai agwagi wajen likitan dabbobi. Ya ce a tsare su, kada a ci ƙwansu sai ya ba da izini. Ƙwan gwangwani kuwa, ma'aikata suka tafi da su tare da sauran tarkace. Sakamakon jinin Auta ya fito lafiya. Umma ta yi ta godiya ga Allah.

Abin da ya fi ciwo shi ne allon ƙofa. Tunda gwaji uku a jere ake so, dole a faro daga farko. Auta tana kallo aka shafe koren gidajen nan biyu da farin fenti. Mako shida aka ƙara wa kowa.

'Yan ajinsu suka yi fushi. Wani ya ce, "Saboda agwaginki za mu ƙara mako shida?"

Auta ta miƙe a gaban aji ta ce, "Eh, saboda ni ne. Ku yi haƙuri."

Malam ya ce, "Kuna da gaskiya ku ji haushi. Amma ku gaya mini, mako shida da rasa tafki gaba ɗaya, wanne ya fi?"

Suka ce, "Mako shida!"

"To, wa ya mayar da shi mako shida?"

Suka dubi Auta. Can sai yarinyar da ke zaune kusa da Auta ta matsa mata a benci, ta ce, "Zo ki zauna."

Auta ta koma ɗiban ruwan baho. Bokiti huɗu kullum, mako shida cur. Wannan karon ba ta yi ƙorafi ba. Har Yaya ya ji kunya ya fara ɗaukar mata biyu. In agwagi suka jeru suna kuka, sai ta ce, "Ku yi ta yi. Ni da ku duk jira za mu yi."

Gida na ɗaya ya yi kore. Na biyu ya yi. Ranar da na uku ya yi, har a aji aka ji ihun Baba mai gadi. Motoci suka kawo tsakuwa. Aka shimfiɗa ta a kan yashi, mai kauri, yadda ko bakin Acici ba zai iya tonawa ba. Aka sake gwada ruwan, ya fito lafiya.

Ranar buɗewa unguwa duk ta hallara. Likitar Ruwa ta buɗe kwaɗo, ta tura ƙofa. Yara suka kwasa da gudu, suna ihu. Baba mai gadi yana gaba, riƙe da hannun jikokinsa biyu.

Auta kaɗai ta rage a bakin ƙofa. Ta rungume Acici, yana ta fizge-fizge. Sauran ukun suna cikin kwando a kan Yaya.

Likitar Ruwa ta ce, "Ke fa? Me kike jira?"

Auta ta ce, "Anti, an yarda? Har da agwagi?"

"An yarda, 'yata. Har da agwagi."

"Har cikin littafin?"

Likitar Ruwa ta buɗe littafin, ta nuna mata layin da yatsa. Auta ta karanta shi da ƙarfi, kalma bayan kalma. Sannan ta saki Acici.

Washegari Malam ya tambayi aji abin da suka koya. Auta ce ta fara ɗaga hannu.

Ta ce, "Ruwa yana iya yin haske alhali akwai guba a ƙasansa. Don haka idan masu sani suka ce a jira, a jira. Idan kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri. Kada ka share sawunka, domin da shi za a gane inda za a gyara."

Malam ya ce, "Madalla. Zo ki rubuta mana a allo."

Auta ta ɗauki alli ta fara rubutu. Ta tagar ajin ana jiyo agwagi huɗu suna ta kwak-kwak a cikin tafki.